Wai ɗan Caina ne... toh wa ya yi odar?

Akwai wata amsa da 'yan kasuwarmu suka haddace, in ka mayar da kaya ka ce ya lalace ko ya yi maka ɓarna a gida, sai mai shago ya kalle ka ya ɗaga kafaɗa ya ce "Malam ai ka san ɗan Caina ne." Shikenan an gama shari'a. Kai ma sai kunya ta kama ka kamar kai ka yi laifin, ka tattara tsiyarka ka kama gabanka. A nan Zariya, daga kasuwar Sabon Gari har PZ har Tudun Wada maganar ɗaya ce, kuma mu masu saye mun yarda da ita har muna taya su faɗa, wani ma in ka kai masa kuka cewa zai yi kai ma ka cika son banza.

Ni dai wannan amsar ba ta taɓa gamsar da ni ba. iPhone ɗin da samari ke ƙwalisa da ita a Samaru, da yawansu a Caina ake haɗa su, a garin Zhengzhou, a masana'antar kamfanin Foxconn, amma ban taɓa jin wani ya ce iPhone ɗan Caina ne a yi haƙuri ba, in ta ba da matsala Apple ake nema saboda sunansu ne a jiki kuma su suka faɗi yadda za a ƙera ta. Toh ƙasar da ta iya ƙera wannan ita ce dai ta ƙera cajar da ke narkewa a soket ɗinka. Masana'anta abin da aka ce ta yi take yi, gwargwadon kuɗin da aka ba ta. Shi ya sa tambayar da nake so mu koma yi ita ce wa ya yi odar, wa ya zaɓi giredin, sunan wa aka buga a kwalin, kuma aljihun wa ribar ta shiga.

Aikin wayarin nake yi, kuma a wannan sana'ar ba ka da yadda za ka yi sai ka yi hulɗa da diloli, toh daga bakinsu na ji yadda abin ke tafiya. Alhaji zai tara kuɗinsa ya canza dala, ya hau jirgi ya bi ta Adis Ababa ko Alƙahira ya sauka Guangzhou, can akwai unguwanni irin su Xiaobei da Sanyuanli inda 'yan Afirka suka yi dandazo, in ƙananan tarkace ne sai ya wuce Yiwu, in waya da caja da batir ne Shenzhen. Ejan zai kai shi wajen masu masana'anta, ya ajiye samfur ɗinsa a tebur ya ce irin wannan nake so. Abin da za su fara tambayarsa shi ne nawa zai biya. In ya ce kaza, su ce toh a wannan kuɗin za a rage kaurin waya, ya ƙara ragewa, su ce sai dai a cire fiyus (ɗan abin nan da ke ƙonewa ya katse wuta in ta yi yawa), ya ƙara ragewa, su ce robar ma sai dai a sa wadda aka narka aka sake sarrafawa. Daga waje kuwa duk iri ɗaya ne, kala ɗaya, kwali ɗaya, har rubutun ma shi zai faɗi abin da za a rubuta, in ya ga dama sunan ɗansa ko na matarsa ya zama sunan kamfani. Yanzu ma ba sai ka je ba, ta WeChat ake gama komai, hoto da bidiyo, ka tura kuɗi ka jira kwantena a Apapa ko Tin Can.

Bari in tsaya a kan wayar wuta tunda ita na fi sani. Waya ta gaskiya kwafa ce, wato jan ƙarfe, zalla tun daga waje har ciki. Akwai kuma wadda cikinta alminiyom ne aka shafa mata kwafa sama-sama, in ka yanke ta ka kankare da wuƙa za ka ga fari yana leƙowa, in ka kanga mata layita sai ta lanƙwashe ta marmashe. Alminiyom ba ya ɗaukar wuta kamar kwafa, wajen kashi sittin cikin ɗari na abin da kwafa ke ɗauka yake iya ɗauka, saboda haka in an rubuta 2.5 a jiki, wato lambar kaurin wayar, ka ɗauka 2.5 ɗin ce ka ja ta zuwa soket ɗin firij ko na hita, toh tana nan cikin silin tana ɗaukar zafi a hankali a hankali kana barcinka. Wata ma kwafar ce amma an tsuke ta, an rubuta 2.5 alhali ko 1.5 ba ta cika ba, an ƙara wa robar kauri don hannu ya ji ta cika. Sannan koyil ɗin da aka ce mita ɗari ne ka auna ka ga ya gaza. Abin dariya kuma abin takaici, saboda wayar da ake yi a nan gida Najeriya ta yi suna wajen kyau, sai ga shi ana zuwa waje ana buga jabu a rubuta mata cewa a Najeriya aka yi ta. Don Allah wane Bacaine ne zai zauna a garinsu haka kawai ya yi tunanin wannan? Namu ne ya kai masa samfur ya ce rubuta.

Na taɓa tsare wani Alhaji da nake sayen kaya a wajensa da wannan maganar, mutumin kirki ne wallahi, mai zumunci, in ka zo ba kuɗi zai ba ka bashi. Na ce ranka ya daɗe wannan ekstenshin ɗin da kuke kawowa fa ba fiyus a ciki, ƙafar as ɗin ma, wadda ke kare mutum daga jan wuta, ba a haɗa ta da komai ba, ado ce kawai. Ya yi dariya ya ce "Injiniya kenan, in na kawo mai kyau wa zai saya? Kai kanka in maigida ya ba ka kwangila mai araha kake nema." Na ce Alhaji ni na san bambancin, matar da za ta saya ta sa a ɗakin 'ya'yanta fa? Sai ya ce kowa da ƙaddararsa, ya juya wajen wani kwastoma.

Ita wannan matar da na ba shi misali da ita ba ƙirƙirarta na yi ba. A layinmu ne, lokacin hunturu, baiwar Allah ta jona hita a ekstenshin za ta ɗumama wa yara ruwan wanka, aka ɗauke wuta ta manta ba ta cire ba, cikin dare NEPA suka dawo da ita. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba amma ɗakin ya tashi, katifa da sif da kayan sawa da takardun makaranta, ƙaramin yaron kuma ya ƙone a hannu. Da gari ya waye na je na tono abin da ya saura na ekstenshin ɗin, wayar ciki silli-silli ne 'yan kaɗan, a jiki kuma an rubuta wai yana ɗaukar amfiya 13. Eh ta yi sakaci da ta bar hita a jone, ban musa ba, amma ai don irin wannan ranar aka yi fiyus, aikinsa kenan ya mutu a madadinka. Mijinta ya koma shagon da ya saya, mai shago ya ce shi ma sari ya yi a Kano, na Kano in ka bi shi zai ce daga Alaba aka ɗoro masa, na Alaba zai ce kwantenar wani oga ce, ogan kuma ba wanda ya san gidansa. A kwalin ba adireshi ba lambar waya, suna ne kawai na Turanci mai daɗin faɗi da hoton tutar Ingila. Mutane suka yi ta zuwa jaje, tsautsayi ne, Allah ya mayar da alheri, maganar ta mutu a nan.

Kar wani ya ɗauka mu kaɗai ne da wannan ciwon, manyan kamfanonin duniya ma sun yi irin wannan tsallen na ɗora wa masana'anta laifi. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka, masu 'yar tsanar nan Barbie, suka janye kayan wasan yara kusan miliyan ɗaya daga kasuwar Amurka a watan Agusta saboda an samu dalma a fentin da aka shafa musu. Mu nan Arewa ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake haƙar zinare, waɗanda suka rayu kuma da yawa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Toh kayan wasan nan wata masana'anta ce mai suna Lee Der a garin Foshan ta ƙera wa Mattel su a kan kwangila, ita kuma ta sayi fentin a hannun wani, shi ma ya sayi garin kalar a hannun wani. Duniya ta ɗauka, jaridun Amurka suka yi ta zagin kayan Caina, aka hana masana'antar fitar da kaya, cikin 'yan kwanaki mai ita, Zhang Shuhong, ya rataye kansa a cikin sito.

Amma ga inda labarin ya juya. Kafin shekarar ta ƙare kayan da Mattel suka janye sun kai wajen miliyan 20, kuma mafi yawansu ba ruwansu da fenti, ƙananan maganaɗisu ne a jikinsu da ke ɓallewa yaro ya haɗiye, in ya haɗiye biyu su manne da juna a cikin hanji su huda shi. Wannan kuwa daga zanen Mattel ne, masana'antun abin da aka zana musu suka ƙera. A watan Satumba na shekarar wani babban jami'in kamfanin ya tafi har Beijin ya zauna a gaban jami'an Caina da 'yan jarida ya ba da haƙuri, ya amsa cewa galibin matsalar daga tsarinsu ne. A 2009 kuma hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta ci Mattel da reshensu Fisher-Price tarar dala miliyan 2.3 a kan maganar dalmar. Ku lura fa, ko a kan fentin da kowa ya yarda a Caina aka yi ha'incin, hukumar ba ta tafi Foshan neman kowa ba, wanda ya shigo da kayan kuma sunansa ke jiki shi ta damƙe.

Ba wai ina wanke masu masana'anta ba ne, a'a. Akwai mugaye a cikinsu sosai, 'yan kasuwarmu da yawa sun sha kuka, a nuna maka samfur mai kyau, kwantenar farko ta zo daidai, ta biyu a ɗan rage, ta uku ka buɗe ka riƙe baki. Kuma ba mu manta da madarar jarirai ta 2008 ba da aka zuba wa sinadarin melamin don gwaji ya nuna tana da gina jiki, jarirai shida suka rasu wajen 300,000 suka kamu da ciwo, a cikin Caina ɗin kanta, 'ya'yansu ne. Amma ko an cuce ka a masana'anta, wannan tsakaninka ne da su, kai ka san ƙofarsu, kai ka sa hannu a takarda da su, kai ke da damar tura mai dubawa kafin a rufe kwantena, kai ke da damar ɗebo guda goma ka fasa ka gani kafin ka sake su kasuwa. Mai shayin Kwangila da ya sayi fawa bank ya kumbura a aljihunsa, ina zai ga Shenzhen?

Akwai wani labarin taya shi ma na 2007 da ke tuna mini da dilolinmu. Wani ƙaramin kamfani a jihar New Jersey mai suna Foreign Tire Sales ya shigo da tayoyi daga masana'antar Hangzhou Zhongce, daga baya aka ce an daina sa wani siririn shimfiɗin roba da ke riƙe wayoyin cikin tayar, har aka yi hatsarin da ya ci rai biyu. Masana'antar ta musanta ta ce tayoyinta lafiyarsu ƙalau. Hukuma ta ce wa kamfanin da ya shigo da su kai za ka janye su, ana maganar taya wajen 450,000, kamfanin ya ce wallahi ba shi da kuɗin da zai yi wannan, zai karye. Wato mutum ya ɗauko abin da ribarsa yake iya ci amma ɓarnarsa ta fi ƙarfinsa. Mu a nan ma ba a kai ga wannan matakin ba, tayoyin da ake cusa huɗu biyar cikin juna don kwantena ta ɗauki da yawa, a zo a zazzare su da ƙarfi wayar bakinsu ta riga ta saki, su ne a ƙarƙashin motocin da ke ɗibar mu zuwa Kaduna da Funtuwa.

Maganar magani kuwa ita ta fi ci mini rai, don wannan a gabanmu aka yi. Waɗanda suka yi wayo a ƙarshen 2008 za su tuna My Pikin, maganin haƙorin yara, asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana cikin wuraren da aka fara ganin abin, ana kawo jarirai fitsari ya ɗauke musu gaba ɗaya, ƙoda ta tsaya. Yara 84 aka ƙirga sun rasu a faɗin ƙasar. Kamfanin da ya yi shi a Legas yake, Barewa Pharmaceuticals (ba ruwansa da kwalejinmu ta Barewa da ke hanyar Gaskiya, suna ne ya zo ɗaya). Abin da ya faru shi ne akwai wani ruwa da ake narka magani a ciki, furofilin gilaikol, shi ba ya cutarwa, akwai kuma wani mai kama da shi sak, ga ɗan zaƙi-zaƙi, ga araha, dayetilin gilaikol, wanda ake amfani da shi a man birki da makamantansu, shi kuwa guba ne. Suka saya a hannun wani mai sayar da sinadarai da ba shi da rajista, ashe mai gubar ne, shi ya shiga cikin maganin. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Kuma ba shi ne farau ba, a 1990 irin wannan gubar a cikin farasitamol na ruwa ta kashe yara sama da ɗari a Jos da Ibadan.

Eh na san wannan a gida aka haɗa shi, amma ciwon ɗaya ne, kowa ya karɓa daga hannun wani ya miƙa wa wani yana cewa ai na gabana ya duba. Dubi abin da ya faru a Panama a 2006, ganguna suka taso daga wata masana'anta a Caina an rubuta gilisarin, ruwan haɗa magani, a jiki alhali akwai wannan gubar ta dayetilin gilaikol a ciki, suka bi ta hannun wani kamfanin dillanci a Beijin, suka bi ta hannun wani a Basalona ta ƙasar Sifen, suka bi ta hannun wani a Panama, kowanne yana goge sunan wanda ya saya a wajensa ya sa nasa don kar a tsallake shi a je kai tsaye, kuma duk cikinsu ba wanda ya gwada ya tabbatar abin da ke ciki. Hukumar gwamnati ta haɗa maganin mura kwalba 260,000 da shi, mutum sama da ɗari suka mutu. Sai kuma Gambiya a 2022, yara wajen 70 suka rasu, aka danganta abin da maganin tari kala huɗu da kamfanin Maiden Pharmaceuticals na Indiya ya yi, wani kamfanin cikin gida ya shigo da su, ƙasar ba ta da ɗakin gwajin da zai duba, sai da aka kai samfur waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Oktoba, gwamnatin Indiya ta ce ita ta gwada nata samfurin ba ta ga komai ba, aka bar iyaye suna zarya kotu a Banjul.

Turawa sun daɗe da toshe wannan ƙofar ta tura-ta-kai-tura-ta-kai. Tun 1985 Tarayyar Turai ta yi doka cewa duk wanda ya shigo da kaya yankinsu don sayarwa, a wajen shari'a shi ne ya ƙera shi. Duk wanda ya buga sunansa ko tambarinsa a jikin kaya, shi ma haka. Wanda ya fi burge ni kuma shi ne na mai shago, in aka zo aka ce wa ya ba ka wannan kayan ka kasa faɗa cikin lokaci, toh kai ne mai shi, kai za ka biya. Ka ga da wannan dokar ko ɗan tireda sai ya adana rasit ɗin sarinsa. Mu ma ba wai ba mu da doka ba ne, akwai ta kare haƙƙin masu saye da aka sa wa hannu a farkon 2019 wadda ta kafa hukumar FCCPC, a ciki an ce wanda ya sayar da kaya mai aibi ya jawo ɓarna yana da alhakin ɓarnar. Akwai SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, tun farkon shekarun 1970, da tsarinsu na SONCAP da aka fara a 2005 wanda ya ce a gwada kaya tun a ƙasar da aka yi su kafin a ɗoro, akwai NAFDAC tun 1993, kowa ya tuna zamanin Dora Akunyili da ake tara jabun magani ana cinna musu wuta. A takarda komai ya ji. A ƙasa kuma samfurin da aka kai gwaji daban, abin da ke cikin kwantena daban, wani kayan ma bai taɓa ganin tashar ruwa ta Najeriya ba, ta Kwatano ya sauka ya biyo daji. Sannan ni tunda nake ban taɓa jin an yi sanarwa a rediyo an ce duk wanda ya sayi caja kaza ko tukunyar gas kaza ya dawo da ita ya karɓi kuɗinsa ba. Ƙonawa a gaban kyamara muka iya, wanda ya riga ya shiga gidajen mutane kuwa sai dai Allah ya kiyaye.

Amma ni fa ko ba a je ga dokar Bature ba, mu a Zazzau garin malamai da zaurukan karatu, wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk wanda ya zauna gaban malami ya kai babin ciniki ya ji cewa in ka san aibin hajarka dole ka bayyana, in ka ɓoye mai saye yana da damar dawo maka da abinka. Mun ji labarin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce me ya sa ba ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Alminiyom a ciki kwafa a waje, ina bambancinsa da wannan? Malamai kuma suna da ƙa'idar cewa wanda ke cin amfanin abu shi ke ɗaukar lamuninsa. Batun ƙaddara kuwa, ai kisan kuskure ma ƙaddara ce, amma shari'a ta sa diyya ta sa kaffara, ba ta ce a je a yi jaje a watse ba. Ban san lokacin da muka mayar da "haka Allah ya so" ta zama inshorar mai kwantena ba. Zan so wata Juma'a in ji limami ya ɗauki huɗuba sukutum a kan wayar wuta da caja, don masu odar nan suna sahun farko.

Yanzu hujjar Alhaji, wadda ita ce hujjar kowa, talaka araha yake so. Gaskiya ne, da yadda dala ta koma da yadda albashi ya tsaya cik, in ka ce sai orijina toh rabin gari ba za su kunna fitila ba. Ni ban ce a hana kawo mai araha ba. Takalmin roba da zai tsinke bayan wata biyu, agogon da zai tsaya, tocilan da za ta dushe, wannan ciniki ne, na biya kaɗan na samu kaɗan, araha ba ta ado. Abin da zai kama da wuta ko ya ja yaro ko ya lalata ƙoda kuwa wani babi ne daban, ba wanda ya taɓa shiga shago ya ce a ba ni mai arahar ko da zai ƙona gidana. Kuma kuɗin fiyus nawa ne a cikin ekstenshin in kana buga dubu hamsin a lokaci ɗaya? Ragin da ake yi ba don talaka ake yinsa ba, tunda da yawa ma a farashin mai kyau ake sayar masa. Mai saye ba shi da ido a cikin roba, rubutun jiki kaɗai yake da shi, rubutun kuma ƙarya ne.

Ƙaramin mai shago, nasa laifin bai kai na mai oda ba amma bai fita ba, musamman wanda ya sani. Yawancinsu sun sani, shi ya sa in ka matsa sai ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko maka wani ya ce "toh ga na gaske amma da tsada." Mu masu wayarin ma muna ciki, wanda ya karɓi kuɗin kwafa ya sa alminiyom ya rufe da silin, shi da mai kwantena jirgi ɗaya ya kwaso su. Da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su ce daga yau ba mai karɓar kayan wuta ko na yara sai da rasit mai sunan wanda ya shigo da shi da adireshinsa, ba sai an jira Abuja ba, a kasuwa ake gama wannan, tunda in aka tashi tara kuɗin masu gadi ko na shara ai ba wanda ke tsallakewa.

Abin da ya sa ma na ga ya kamata in rubuta wannan yanzu shi ne harkar ta sauka daga hannun manyan Alhazai ta shigo wayar kowa. Ɗalibai a Samaru da Kongo, matan aure a Hanwa da Gyallesu, kowa ya zama mai oda, a shiga shafukan sayayya na intanet irin su 1688 ko Alibaba a zaɓo, ejan ya haɗo a kago, sati biyu uku kaya sun iso, a watsa a sitatus na WhatsApp. Fawa bank, hitar gashi, robar abincin yara, fida, man shafawa, shayin rage ƙiba, maganin mata, har akwai masu sa a buga musu sunansu a jikin kwalba don abin ya yi aji. Neman halak ne kuma ina yaba musu. Sai dai 'yar yayata da ke wannan harkar na tambaye ta ranar nan, na ce wannan man da kika sa aka rubuta sunanki a kai, me ke cikinsa? Ta ce Kawu ai masana'anta ce ta haɗa. Na ce akwai lambar NAFDAC? Ta ce ba a cika tambaya ba. Na ce toh ki sani ana samun irin waɗannan mayukan na hasken fata da sinadarin makuri mai guba a ciki, shi kuma ƙoda yake taɓawa, in fuskar wata ta ƙone ko jaririn wata ya sha a jikin uwarsa, ba mai zuwa Guangzhou, sunanki ne a kwalbar kuma an san gidanku. Ta ɗan ɓata rai ta ce kowa ma haka yake yi, amma dai za ta tura wa ejan ɗin saƙo ya turo mata takardar gwaji, in akwai.